Wadda Aka Killace da Wadda Aka Mora

A shekarar 1961 ne kamfanin Jaguar na Ingila ya fito da motarsa E-Type. Kujerunta biyu rak, ga dogon baki, ga gudun da aka ce ya kai mil 150 a awa. Saboda tsabar kyanta, a 1996 gidan adana kayan fasahar zamani na birnin New York ya ajiye guda, jama'a na zuwa kallo. A ɗaya gefen kuma ga Volkswagen Sharan, wadda aka fara ƙerawa a 1995, mai kujera bakwai. An yi ta ne don magidanci ya kwashi iyalinsa. Bayan ta gama bauta a Turai sai a auno ta nan, inda muke kiranta Sharon, ta shiga layi a tasha.

Duka biyun sun tsufa, amma tsufan bai zo musu iri ɗaya ba. Ta farkon ana lulluɓe ta a gareji, ana goge ta, kuɗinta na hauhawa. Ta biyun kuwa akwala muke ce mata, ranar da ta gaza a yanka ta a sayar wa 'yan gwangwan.

Abin lura shi ne yadda masu sayen irin su E-Type ke yanke farashi. Suna duba agogon da ke ƙirga tafiyar mota, wadda ba ta yi nisa ba ita ce mai tsada. Ashe ke nan hutu ake saye. Ita kuwa Sharon, kowace lotsawa a jikinta shaida ce ta ɗawainiya: ta kai mai naƙuda asibiti, ta kai amarya ɗakinta, ta kai 'yan makaranta. Wannan shaidar ce kuma ke karya mata daraja. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba mu ce son kyakkyawan abu laifi ba ne. Mu da muke ciyar da doki shekara guda don hawan Sallah mun san ido ma yana da haƙƙinsa, kuma wanda ya zana E-Type ya cancanci yabo. Inda gizo ke saƙar shi ne idan muka ɗauko ma'aunin kasuwar motoci muka auna mutane da shi. Tsohon da ya huta, jikinsa ya yi luwai, shi ake shimfiɗa wa darduma a taro. Uwar da raino ya tanƙwara wa baya, da leburan da dako ya cinye wa ƙarfi, su ake cewa su matsa gefe, alhali mu ne muka ci moriyar ƙarfin nasu.

Mota ƙarfe ce, ba ta san an wulaƙanta ta ba. Mutum kuwa ya sani, ko da bai furta ba. Saboda haka kafin mu raina wanda ya ƙare, ya kamata mu tambayi kanmu a hidimar wa ya ƙare.