Alkama da Zawan a Gona Ɗaya

Tun zamanin annabi Habakuk masu bi suke ta yin tambaya guda: in Allah mai adalci ne, don me yakan bar mugu ya zauna lafiya kusa da adali? Tambayar ba ta tsufa ba. Gwauruwar da aka kashe mijinta a gona tana yin ta. Haka ma dattijon da yake ganin macuci zaune a kujerar gaba cikin majami'a kowace Lahadi.

Ubangijinmu Yesu ya taɓa wannan batu cikin misalin da ke Matiyu sura 13. Wani mutum ya shuka alkama, magabci ya zo da dare ya yafa zawan a ciki. Da bayin suka gane, sai suka nemi izini su tumɓuke ciyawar nan take. Maigidan ya hana su, ya umarta a bar duka biyu su girma tare har lokacin girbi.

Dalilinsa ya isa a lura da shi. Zawan yana kama da alkama ƙwarai kafin ya fid da kai, saiwarsa kuma takan sarƙe da tata. Manomin gero ya san irin wannan game da shibra, wadda da wuya a bambanta ta da gero tun tana ƙarama. Ashe maigidan ba tausayin ciyawar yake ji ba, alkamarsa yake tsare wa. Ya san idon bawa gajere ne, hannunsa kuwa mai gaggawa.

Mun ga gaskiyar wannan a ƙasarmu. A watan Yuni na 2018, lokacin da mahara suka auka wa ƙauyuka a ƙaramar hukumar Barkin Ladi ta Jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar ya ɓoye mutane fiye da 200, yawancinsu Kirista, cikin masallacinsa da gidansa. Ya tsaya a gaban maharan, ya ƙi ba da su. Da a ce masu fushi sun yi wa dukan waɗanda ba addininsu ɗaya ba kuɗin goro, da sun hallaka mutumin da Allah ya shirya domin ceton 'yan'uwansu. Mu tuna kuma da Shawulu, wanda ya goyi bayan jifan Istifanas. Wane mai bi ne a Urushalima ya zaci shi ne zai zama manzo Bulus?

Wani zai ce, to, sai mu naɗe hannu ke nan mugunta ta ci gaba? Ko kaɗan. Haƙurin Kirista ba ragwanci ba ne. Wajibi ne mu faɗi gaskiya, mu kai ƙara ga hukuma, mu tsare iyalinmu, ikkilisiya kuma ta hori mai laifi domin ya tuba. Abin da aka hana mu shi ne ramuwar gayya da yanke wa mutum hukuncin ƙarshe, gama wannan hurumin Allah ne kaɗai. Girbi yana zuwa, ba kuwa za a kai zawan rumbu ba. Wanda ya gaskata da haka ba ya bukatar ɗaukar lauje kafin lokaci.

Wannan haƙuri yana da tsada, kada mu ruɗi kanmu. Wanda ya binne ɗansa ba za a gaya masa ya yi haƙuri da baki kawai ba. Sai mu zauna tare da shi, mu ɗauki nauyinsa, har ya sami ƙarfin jira.

Iyaye, darasin yakan fara daga gida. Yaron da ya kangare yau, kada ku cire rai da shi, ku tsawata masa, ku ci gaba da yi masa addu'a. Ku kuma kula da abin da kuke faɗa game da maƙwabta a gaban yara, domin ƙiyayya ma iri ce da ake yafawa da dare.

A ƙarshe, kowa ya dubi zuciyarsa. Alkama da zawan suna can ciki tare, Allah kuwa bai tumɓuke mu ba. Bari shi da ya yi haƙuri da mu ya koya mana yin haƙuri da waɗansu, har ranar girbi. Amin.