Wa Ke da Ikon Tsara Sani?

Manomin Mallawa, a ƙasar Magariya da Dungas, ya san jigawa daban, fadama daban. Ya san gawo na zubar da ganye da damina, gero kuma ya yi kyau a gindinsa. Kwamfuta kuwa ba ta cin moriyar wannan sani sai an jera mata shi daki-daki: wannan jinsin kaza ne, wancan ɓangaren kaza.

Saboda haka masana suka ƙago harshe mai linzami. An fara Attempto a jami'ar Zurik a 1995, hukumar taswirar Birtaniya kuma ta tsara Rabbit, domin masanin fanni ya rubuta da hannunsa jimla irin "kowane gawo itace ne". Dukansu da Ingilishi aka gina su.

Alherin a fili yake: hukunci ya koma hannun mai sani. Haɗarin shi ne, abin da jimlar ta kasa ɗauka, kamar "ya danganta da ruwan shekara", a mai da shi jahilci.

Adalci shi ne a rubuta ƙa'ida, a ajiye maganar dattijo kusa da ita, da Hausarsa. In sun saɓa, ƙa'idar ya kamata a fara tuhuma.