Kirsimeti Ya Zo: Me Za Ka Yi da Rumbunka?

 Kaka ta wuce, ɗari ya shigo, ranar 25 ga Disamba ta matso. Maƙwabci ya ɗaure rago, tela ya cika da aiki, samarin da suka tafi cin rani Kano da Libiya sun fara aiko wa iyaye kuɗi. Kai kuwa ka leƙa rumbu, ka ƙirga dammunan hatsi, ka ga da ƙyar su kai ku damina. Yara suna tambayar sabuwar riga. Me za ka yi?

Da yawa cikinmu sun san amsar da zuciya take bayarwa. Sai a sauke dami, a sussuƙe, a kai kasuwa a daidai lokacin da tiya ba ta da daraja, domin kowa yana sayarwa. A yi bikin kwana biyu. In watan Yuli ya zo, ga noma ga yunwa, sai mutumin nan ya koma wurin ɗan kasuwa ya sayi hatsin da ya sayar da tsada, ko ya ci bashi a kan amfanin da bai tsiro ba. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Mu da iyayenmu muka ga yunwar 1973 da ta 1984, muka kuma ga ta 2005, bai kamata mu yi wasa da rumbu ba.

To, ka duba Wanda ake yi wa bikin. Luka sura 2 ta nuna mana an haifi Yesu Almasihu a Baitalami, aka kwantar da shi a komin dabbobi domin babu wuri a masauki. Da Yusufu da Maryamu suka kai shi Haikali, hadayar tsuntsaye biyu suka miƙa. Bisa ga Littafin Firistoci 12:8, wannan ita ce hadayar wanda ba shi da halin ɗan rago. Ka ji? Gidan da Allah ya zaɓa wa Ɗansa ba su iya sayen rago ba, Allah kuwa bai ji kunyarsu ba. Don me kai za ka ji kunyar tuwo da miyar kuka a ranar haihuwarsa?

Manzo Bulus ma yana ɗaure sa'ad da ya rubuta wa Filibiyawa. A sura 4 ya gaya musu ya ɗanɗana ƙoshi, ya ɗanɗana yunwa, ya kuma koyi zama da wadar zuci a kowane hali. Lura, koya ya yi. Ba a haifi kowa da wadar zuci ba. Ƙarfin kuwa ba daga kansa ya fito ba, Almasihu ne ya ba shi. Wanda ya san an gafarta zunubansa, an kuma karɓe shi ɗa a gidan Allah, ba ya bukatar shadda ta gaya wa mutane darajarsa.

Wani zai ce, "Dattijo, ashe mu naɗe hannu ke nan, mu ce haka Allah ya so?" A'a, ko kaɗan. Wadar zuci dabam, lalaci dabam. Yusufu ɗan Yakubu ya dogara ga Allah, duk da haka shekara 7 ya yi yana tara hatsi a Masar. Mu nan Gidimuni Allah ya ba mu tafki da dabino da ƙasar lambu, abin da garuruwa da yawa a ƙasar Damagaram ba su samu ba. Ka shiga lambu da rani, ka yi ban ruwa, ka nemi ƙari da guminka. Abin da Maganar Allah take hanawa shi ne ka ƙi gode wa abin da ke hannunka domin idonka yana kan na wani.

Wani kuma zai ce, "Yara fa? Za su ga na wasu su yi kuka." Gaskiya ne, wannan yana taɓa zuciyar uwa da uba. Amma kukan riga kwana ɗaya ne, kukan yunwa wata uku ne. Uwa, ki wanke tsohuwar rigar, ki ɗinke inda ya yage. Uba, ka tara iyalinka da dare, ka karanta musu labarin makiyaya da mala'iku. In rago ya fi ƙarfinku, gida uku ko huɗu su haɗa kuɗi su sayi akuya. In kaza ce, kaza ta isa. Ku ɗebi kwano ɗaya ku kai wa gwauruwa, ɗaya kuma ga maƙwabcinku Musulmi wanda yakan aiko muku nama ranar Layya. Yaron da ya tashi yana ganin haka ya gāji abin da ya fi riga.

Kafin ka taɓa rumbu, ka durƙusa ka yi wannan addu'a:

Ya Uba, na gode domin Ɗanka da ka ba ni, da abincin da ke gidana yau. Ka cire hassada daga zuciyata, ka ba ni hikimar riƙon abin da ka damƙa mini, ka ciyar da mu har sabon hatsi. Cikin sunan Yesu, amin.