Albasa Ba Ta Yi Halin Ruwa Ba

Wanda duk ya bi hanyar fadama daga Haɗejiya zuwa Auyo da hunturu, kukan injin ban ruwa ne zai fara tarbarsa. Ko'ina ka waiga, mesa ce kwance tana aman ruwa cikin fangali. Akwai wani dattijo da nakan zauna a bakin garkarsa in an yi la'asar. Injinsa ɗaya, mesarsa ɗaya, kogin da yake ja ma ɗaya. Amma wannan fangalin albasa ne, na kusa da shi attaruhu, gaba kaɗan tumatir, can ƙarshen gona kuma kankana ta yi yaɗo. Wata rana ya fasa mini kankana, zaƙi kamar an zuba zuma. Karambani ya sa na tsinki attaruhun da bai fi taku uku daga wurin ba na gatsa, sai da na yi hawaye.

Na ce, "Baba, ruwa ɗaya fa suka sha."

Ya yi dariya ya ce, "To ɗana, ai shi ya sa mutanen da suka ce albasa ba ta yi halin ruwa ba."

Mun saba jin wannan karin magana in ɗan mutumin kirki ya lalace. Ban taɓa jin an faɗe ta a kan ɗan da ya fito daga gidan da ake zargi ya kuma gyaru ba. Wannan ɓangaren nata mun bar shi a ƙasa, kuma wasan yara ne ya sa na lura da haka.

Ɗan ƙanwata ya dawo hutu daga jami'a. Da dare na tarar da shi a zaure shi da abokansa uku, sun baje takardu a tabarma, kowa da fensir, ga wani ɗan lido mai fuska 20 suna jefawa. Na ɗaure fuska, don na zaci caca ce. Ya ce, "Kawu, wallahi ba kuɗi a ciki. Tatsuniya ce, sai dai kowa yana da bakin magana." Ɗaya ne ke ba da labari, sauran kowa ya ƙirƙiri mutum ɗaya ya shiga rigarsa: ya raɗa masa suna, ya faɗi asalinsa, ya zaɓa masa sana'a. In mutumin ya yi niyyar tsallake rami ko ya roƙi sarki alfarma, sai a jefa ɗan lido a ga ko ya dace. Sunan wasan Dungeons & Dragons. Wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, su suka fito da shi a 1974, yanzu kuma ya zagaya duniya.

Na ɗauki takardar ɗan ƙanwata na ga ya zana mutum mai ƙaho da wutsiya. Na ce, "A'uzubillahi, duk halittun duniya ka rasa wanda za ka zama sai wannan?" Ya yi mini bayani cewa irinsu ana kiransu tifilin, an shigo da su wasan a 1994. A labarin, mutane ne da wani kakansu na can nesa ya ƙulla alkawari da shaiɗanu, sai tabon ya bi zuriyar. Suna gani cikin duhu, wuta ba ta cinsu kamar yadda take cin sauran mutane, ƙaho da wutsiya kuwa ba yadda za su ɓoye su. Littafin wasan na 2014 bai ce an haife su da mugunta ba. Abin da ya nuna shi ne, kallon da ake yi musu a kasuwa da rufe ƙofa da ake yi in sun doso su ne ke tura da yawansu ga ɓarna.

Sunayensu kuma iri uku ne. Wani yana ɗauke da irin sunan mutanen garin da aka haife shi, kamar kowa. Wani yana riƙe da tsohon sunan zuriya na harshen shaiɗanun. Wani kuma in ya girma sai ya zaɓi wata ɗabi'a ya mayar da ita sunansa, ya yi ta ƙoƙarin cika ta. Na duba saman takardar. Yaron nan ya rubuta wa mai ƙahonsa suna Amana.

Na bar su suna wasansu, amma abin bai bar ni ba, domin mu ma ai suna uku gare mu. Akwai sunan yanka, wanda ake raɗawa ranar bakwai, liman ya yi addu'a, a raba goro, a yanka rago, wanzami ya yi aski. Akwai laƙabi, wanda gida ke bayarwa bisa yadda aka zo duniya: Tanko don ya biyo mata, Gambo don ya biyo tagwaye, Audi don uba ya rasu yana ciki, Cindo don yatsa shida, Mairiga don ya fito a lulluɓe, Anaruwa don ana tsuga ruwa aka haife shi. Sai na uku, wanda gari ke ba mutum bayan an zauna da shi an ga halinsa. Na farko da na biyu ba a shawarce ka ba. Na ukun ne kaɗai da hannunka a ciki.

Kakanninmu sun san suna ba ya yanke wa mutum hukunci. Dubi sunayen 'ya'yan wabi. Matar da ta binne 'ya'ya uku ko huɗu, in ta sake haihuwa sai a kira jaririn Ajuji, ko Ayashe, ko Mantau. A wasu gidajen har kan juji akan kai shi a ajiye, wata tsohuwa ta ɗauko ta ce ta yi tsintuwa. Wai a nuna ba a damu da shi ba, ko mutuwa ta kau da kai. Sunan ya yi muni a kunne, amma duk gidan ba ɗan da ake lallaɓawa kamarsa. Malamai sun yi ta wa'azi a kan wannan al'ada, ta kuma ja baya ƙwarai. Duk da haka ba wanda ya taɓa ƙin ba Ajuji mata don sunansa ya ambaci juji. Kowa ya san labarin da ke bayan sunan.

Haka kuma akwai gadon da muke tafa wa. Ɗan maƙeri ya ɗauki jan ƙarfe ranar wasa ya goga a jiki, a yi guɗa a ce gado ba karambani ba. Ƙayar kifi ta maƙale wa yaro a wuya, a ce a garzaya gidan masunta, su ne da abin. A ƙasar da kasuwar kifinta ke tara fatake daga kudu da arewa, kowa ya san yaron da ya tashi a kan gora da koma ba a koya masa iyo. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wannan duk mun yarda da shi, kuma da gaskiya a ciki, don abin da yaro ya buɗe ido ya gani a gida shi hannunsa ke fara iyawa.

Inda muka yi ɓatan kai shi ne wani gado guda da muke rataya wa mutane ba tare da sun gani ba: maita. Camfin ya ce ƙanƙara ce a ciki, ana shanta a nonon uwa. Ke nan in an taɓa zargin mace ɗaya, an gama da 'ya'yanta da jikokinta har waɗanda ba a haifa ba. Ba ƙaho, ba wutsiya, ba wata alama. Raɗa ce kawai, amma ta fi ƙaho tsini. Muna yara akwai gidan da aka hana mu karɓar ko ƙuli-ƙuli daga cikinsa. In matar gidan ta wuce, sai mu sunkuyar da kai muna cewa "kurwata kur" a ƙasan maƙoshi. Ita kuwa ko hararar wani ban taɓa ganin ta yi ba.

Ni kaina na taɓa zama ɗan aiken wannan raɗar. Shekarun baya wani ƙanena ya ga yarinya a wani ƙauye na bakin kogi, aka tura ni bincike. Na tambayi liman, ya yaba. Na tambayi maƙwabta, suka ce ba ta da abokin faɗa, ta yi saukar Alƙur'ani, ita ke jinyar mahaifinta. Har na kama hanya, wata tsohuwa ta yafuto ni bayan danga, ta rage murya.

"Ɗan nan, yarinya kam ba ta da aibu. Amma a bi a hankali. Kakarta ta wajen uwa, an taɓa sa ta tsallake."

Abin da take nufi, wani yaro ya taɓa yin zazzaɓi yana sambatu ya ambaci sunan matar, aka taru aka tilasta mata ta tsallaka shi wai ta saki kurwarsa. A ƙasar fadama, inda sauro ke kwana da mu tun daga farkon damina har bayan janyewar ruwa, wane yaro ne zazzaɓi bai taɓa sa shi sambatu ba? Ban yi wannan tunanin a lokacin ba. Na kwaso maganar na kawo gida, na ajiye shaidar liman da ta maƙwabta a gefe, na faɗi ta tsohuwa. Ba a sake tayar da zancen auren ba. Yarinyar ta yi aure a wani gari, ta hayayyafa, har yau ban ji an ce ta ci kowa ba. Mu ne muka ci mutuncinta, kuma ba wanda ya sa mu tsallake.

Abin mamaki, addinin da muke taƙama da shi ya riga ya rufe wannan ƙofar. Ɗan Annabi Nuhu ya fito daga tsatson annabi, ruwa ya tafi da shi. Annabi Ibrahim ya tashi a gidan da ake sassaƙa gumaka, ya zama badaɗin Allah. Ikrima ɗan Abu Jahal ne, babban maƙiyin Musulunci, amma ya musulunta bayan buɗe Makka, ya ƙare rayuwarsa a fagen daga a ƙasar Sham, muna kuma yi masa addu'ar da muke yi wa sauran sahabbai. Alƙur'ani ya maimaita a wurare da dama cewa ba a ɗora wa rai kayan laifin wani. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan sauya wa mutum suna in ma'anarsa ta munana, kamar yadda ya mayar da sunan wata mai nufin saɓo zuwa Jamila. Yana cire wa mutane munanan sunaye, mu kuma muna liƙa musu.

Na koma wa dattijon garka da wannan zance, sai na kawo masa hujjar da na san mai karatu ma zai kawo. Na ce, "Baba, amma ai iri ne ya raba albasa da kankana. Ke nan asali na da ƙarfi." Ya ce haka ne, iri ba ya ƙarya. Amma gwangwanin iri ɗaya suka raba da maƙwabcinsa bara, shi ya cika buhuna, maƙwabcin ya bar ciyawa ta cinye tasa. Ya ƙara da cewa, "Kuma ita albasa ba a yi mata hisabi, don ba ta da zaɓi. Kai ne za a tambaya."

Lallai jini yana ɗauke da abubuwa, sai dai ba waɗanda muke nema ba. Yana ɗauke da kama da tsawo da launin fata. Yana kuma ɗauke da amosanin jini, wato sikila. In namiji mai AS ya auri mace mai AS, kowane ciki yana da kaso 1 cikin 4 na zuwa da SS, yaron da zai yi ta kwana asibiti yana kukan ƙashi. Wannan gado ne na gaske, ana ganinsa da ɗigon jini a ɗakin gwaji, kuma ba laifin kowa ba ne. Maƙwabciyarmu Kano har doka ta yi a 2024 ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na rukunin jinin nan. Amma sau nawa ɗan bincike ke dawowa daga ƙauye da labarin kakar kaka, ba wanda ya tambayi takardar gwaji? Mun ƙware wajen tono abin da babu shi, mun yi sakaci da wanda ke kwantar mana da 'ya'ya.

Kogin nan namu ma ya isa misali. Ruwan Tiga da na Challawa ne suke haɗuwa su wuce Wudil da Ringim. Da ya iso nan sai a ce Kogin Haɗejiya, in ya gamu da na Jama'are ya gangara Gashuwa sai ya koma Yobe, har ya faɗa Tafkin Chadi. Kowane gari da sunan da yake kiransa, kuma kowa da abin da ya gani a gare shi yake auna shi: shinkafar da ya shayar, kifin da ya kawo, ko gidajen da ya rushe kamar a ambaliyar 2022. Ban taɓa jin manomi ya ƙi ban ruwa don ya ji wani labari a kan mafarin kogi ba.

Saboda haka ɗan'uwa, in aka tura ka binciken aure, tambayi sallar yaro da sana'arsa da yadda yake da iyayensa. Tambayi halin yarinya a wurin waɗanda suka zauna da ita. A je asibiti a yi gwajin jini kafin a kai kuɗin gaisuwa. In kuma wani ya yafuto ka bayan danga ya rage murya, ka ce masa ya faɗi abin da ya gani da idonsa. In bai gani ba, ka bar maganar a nan inda ka same ta, kada ka kai ta gida kamar yadda na yi. Allah Ya yafe mana abin da harsunanmu suka ɓata.