"Malam, Ai Ni Na Ƙirƙire Su"



Ranar Asabar bayan sallar Isha'i, jama'a sun watse, sai wani matashi daga cikin masu zama karatun Ahalari da muke yi ya tsaya a bakin ƙofar masallaci yana ta jujjuya waya a hannu. Na san irin wannan tsayuwar, ta mai tambaya ce da yake tsoron amsarta. Na ce masa bismillah, ƙaraso.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, littafi nake rubutawa." Ƙagaggen labari ne irin na yaƙi da sarauta, yana sakinsa babi-babi a wani zauren WhatsApp, har ya kai babi na 40. Duniyar labarin ba tamu ba ce. Shi ya zana mata taswira, ya yi mata birane da koguna, sannan ya yi wa mutanenta addini: alloli tara, kowanne da aikinsa, da bokayensu, da ranakun yanka. To sai wani a zauren ya rubuta masa cewa ya yi ridda, ya je ya sake kalmar shahada. Kwana uku ke nan barci ya gagare shi.

"Malam, ai ni na ƙirƙire su," in ji shi. "Babu su. Ba wanda yake bauta musu."

Na ce ya turo min. A daren na karanta babi goma sha ɗaya, kuma gaskiya yaron ya iya rubutu, har na makara da kwanciya. Da izininsa nake wannan bayanin, don na san ba shi kaɗai ba ne.

Wanda ya kafirta shi ya yi ganganci, ya ji tsoron Allah. Malamai suna da ƙa'ida sananniya cewa hakaito kafirci ba kafirci ba ne. Alƙur'ani da kansa ya kawo maganar Fir'auna ta da'awar allantaka, muna karanta ta a cikin salla. Ya ambaci Lata da Uzza da Manata da sunayensu a Suratun Najmi. Lokacin da muke jami'a, a darasin adabin jahiliyya, an sa mu karanta Kitabul Asnam na Hishamu ɗan Kalbi, wanda ya rasu wajen shekara ta 204 bayan Hijira. Littafi ne sukutum a kan gumakan Larabawa: Lata a Ɗa'ifa wajen Saƙifawa, Uzza a Nakhla, Manata a Ƙudaidu ta bakin teku, wadda Ausu da Khazraju suka fi kowa girmamawa. Musulmi ne ya rubuta, Musulmi suka adana shi. Mu ma nan gida ana koya wa yara labarin Barbushe da Tsumburbura a dutsen Dala, ba wanda ya ce malamin tarihi ya bar Musulunci.

Shi kansa ƙagaggen labari, akwai malaman da suka ƙyamace shi suna ganin ƙarya ce, akwai waɗanda suka halatta matuƙar mai karatu ya san ƙage ne. Ni ina tare da na biyun. Maƙamatul Hariri da ake karantawa a zaurukanmu tun kaka da kakanni, Abu Zaidin da ke cikinta ai ba a taɓa haihuwarsa ba.

Da na faɗa masa haka sai na ga fuskarsa ta saki. Na ce dakata, ban gama ba. Wannan hujjar taka ta "ni na ƙirƙire su", ita ce ta fi ba ni tsoro a duk maganarka.

Jama'a, wane gunki ne ba ƙirƙirarsa aka yi ba? Abin da Allah Ya faɗa wa mushrikai ke nan a Suratun Najmi, kuma shi Annabi Yusufu (AS) ya faɗa wa abokan zamansa biyu a kurkuku: cewa abubuwan nan sunaye ne kawai da su da iyayensu suka raɗa. Bukhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas (RA) cewa Waddu da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru, waɗanda aka ambata a Suratu Nuhu, sunayen mutanen kirki ne. Da suka mutu aka kafa musu alamu a majalisunsu don tunawa. Waɗanda suka kafa ba su bauta musu ba, sun san abin da suka kafa. Sai da suka shuɗe, ilimi ya gushe, na baya suka tarar da abin a tsaye. Abu Raja'il Uɗaridi ma ya ba da labarin yadda suke yi kafin Musulunci: su bauta wa dutse, in suka ga wanda ya fi shi kyau su yar da na farko. In ba dutse, su tara ƙasa, su tatsi nonon akuya a kai, su kewaya ta. Mutumin da ya tara ƙasar nan da hannunsa ai ya fi kowa sanin shi ya tara ta.

Ba ina cewa nan da shekara ɗari za a gina wa allolin yaron nan ɗakin tsafi ba. Amma a cikin zauren nasu na ga abin da ya tsayar da ni. Masu karatu sun fara rantsuwa da ɗaya daga cikin allolin, cikin raha, mai cewa "na rantse da Uwar Damina" in babi ya yi masa daɗi, saura suna dariya. Rantsuwa da wanin Allah, Annabi (SAW) ya kira ta shirka, kuma harshe ba ya tambayar zuciya kafin ya saba da abu. Wasu daga cikin yaran nan ba su haura shekara sha biyar ba.

Wani abin kuma, allan koginsa ya sa masa suna Sarkin Rafi. Na tambaye shi ina ya samo sunan, ya ce haka kawai ya zo masa. Na ce a'a, ba haka kawai ba ne, ka taɓa ji dai ka manta. Sarkin Rafi iska ne a cikin iskokin bori, kuma har gobe akwai masu yi masa hidima. Ya yi shiru, ya ce inna lillahi.

Inda na fi daɗewa da shi shi ne babi na 17. An yi fari, mutanen birni suka taru, boka ya yanka baƙin sa, ya roƙi Uwar Damina, kafin ya sauke hannu hadari ya haɗo. Na ce masa a nan ka tsallake iyaka. Ka rubuta cewa mutanen birni sun gaskata ita ke ba da ruwa, wannan labarin mutane ne, kuma mushrikai suna da labari kamar kowa. Amma kai marubuci, wanda mai karatu ya miƙa wa wuya, kai ka sa ta amsa. Ka gina duniyar da shirka ce gaskiya a cikinta, mai tauhidi in ya shiga shi ne wawa. Sannan addu'ar da ka sa a bakin bokan, shafi guda cur, daga ina ka ɗebo kalmominta? Mai rayawa, mai kashewa, wadda gyangyaɗi ba ya kama ta. Siffofin Ubangijinka ne ka kwasa ka yafa wa abin da ka ƙaga. Wannan kam ba saɓani a kai, na ce ya goge ta kafin ya kwanta.

Ya ce to Malam, in na cire allolin ai labarin ya mutu, duk rikicin a kansu yake. Dariya ta kama ni, don tun babi na uku allolinsa suke faɗa da juna, wannan ya ƙone gonakin wancan, wancan ya kafar da kogin wannan, talakawa na mutuwa a tsakani. Na ce buɗe Suratul Muminun aya ta 91, da Suratul Anbiya aya ta 22. Abin da ayoyin suka ce zai faru da a ce akwai alloli da yawa, shi ka rubuta ba ka sani ba. Kai da kanka ka kasa zaunar da su tara lafiya, alhali alƙalamin a hannunka yake.

Ban ce ya ƙone littafin ba, ban kuma ce ya mai da shi wa'azi ba. Labarin da kowane shafi jarumi yake tsayawa ya yi huɗuba, ni ma limami ba na iya gama shi. Na ce ya bar mutanensa da addininsu, ya nuna tsoronsu da fatansu da yadda boka yake cin guminsu, ya bar ruwa ya sauka ko ya ƙi sauka ba da izinin gunki ba. In yana son halittu masu ƙarfi, su zama halittu, kamar aljanun Dare Dubu da Ɗaya, akwai Wanda Ya yi su. Ko Tolkien, Baturen Ingila da marubutan irin wannan labari suke koyi da shi, Kirista ne, kuma Mahalicci ɗaya ya sa a saman duniyarsa, sauran duk a ƙarƙashinsa suke.

Jiya ya turo min sabon babi na 17. An yanka san, an jira kwana bakwai, ruwa bai zo ba. Wata tsohuwa da aka karɓe mata san nata ta tsaya gaban gunkin tana tambayarsa da me za ta yi noma bana. Sai na tuna Imru'ul Ƙaisi, da ya je wajen gunkin Zul Khalasa neman izinin ɗaukar fansar mahaifinsa, kibiyar hani ta fito sau uku, ya kakkarya kibiyoyin ya watsa wa gunkin a fuska. Na tura masa wannan labarin. Ya ce mutum biyu sun fice daga zauren don haushin an taɓa Uwar Damina, kuma saura babi 39 a gabansa.

Wallahu a'alam.