ASKIN SUNA DA KALLON KATUN: AMANAR KAN YARO

  

Ya ku samari 'yan'uwana, tambayoyi biyu suna yawan fitowa daga bakinku, musamman waɗanda Allah Ya ba haihuwar fari. Ta farko, yaya hukuncin askin suna yake? Ta biyu, ya halatta a bar 'yan mata ƙanana su kalli katun? Mai ji zai ce mas'aloli biyu ne. Ni kuwa a wurina guda ce. Jaririn kwana 7 ba ya iya ce wa wanzami dakata. Yarinya 'yar shekara 4 ba ta iya tace abin da idonta ya gani. Kai aka ba amanar kawunansu, kai kuma za a tambaya.

Askin kansa Sunna ne. Hadisin Samuratu ɗan Jundubu, wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, ya haɗa abu uku a rana ta bakwai: yanka, da aski, da raɗin suna. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Nana Faɗima (R.A.) ta auna gashin Hasan da Husaini da Zainab da Ummu Kulsum, ta yi sadaka da azurfa daidai nauyinsa. Ku lura, akwai mata biyu a cikin sunayen nan. Shi ya sa Malikawa da Shafi'awa suke ganin a aske mace kamar namiji, Hambalawa kuwa suka tsaya ga namiji. Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda kakanninmu suka karanta a zaure, ta ce askin da sadakar mustahabbi ne, ta kuma hana shafa wa yaro jinin yanka.

To, jama'a, ina sadakar ta tafi? Gashin jariri nauyinsa nawa ne? Amma sai ka ga an ci bashi an yi anko, an kira masu kiɗa, ba wanda ya tuna da 'yar azurfar nan.

Abin da aka hana shi ne a aske wani sashe na kai a bar wani, kamar yadda ya zo daga Ibnu Umar a Buhari da Muslim. Zanko da tukkun da tsofaffi ke bar wa yaro sun shiga ciki. In kuwa an bar tukkun da imanin yana kare yaro daga mayu ko iskoki, to maganar ta wuce aski, ta taɓa aƙida. Amma kada ka yi wa kakarka tsawa a kan tukku, sannan ka ɗauki ɗanka ka kai shi shagon aski a kwashe gefe a bar tsakiya don ya yi kama da ɗan ƙwallo. Hanin ɗaya ne. Sai kuma aska. Wadda aka yi wa wani aiki da ita ba a tsabtace ba tana iya ɗauko ciwon hanta ko wata cuta ta sa wa jariri. Sayi sabuwar reza ka miƙa wa wanzami cikin mutunci. Cire belu da tsaga kuwa ba sa cikin abubuwa ukun da hadisi ya ambata.

Yanzu mu shiga cikin kan. A nan ne na fi jin tsoro, domin gashi in an ɓata shi yana tsirowa.

Wasu 'yan'uwa da sun ji katun sai su ce haramun, hoto ne, shi ke nan. Ku yi a hankali da kalmar haramun. Malamai sun yi saɓani a kan zane, amma ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Nana A'isha (R.A.) tana wasa da 'yan tsana a gidan Annabi (S.A.W.) tare da ƙawayenta. Abu Dawuda ma ya ruwaito cewa ya ga doki mai fukafukai a cikin kayan wasanta, ya tambaye ta, ta kafa masa hujja da dawakin Annabi Sulaimanu, ya yi dariya. Bai karya dokin ba. Saboda haka wasa haƙƙin yarinya ne. Tambayar da ta dace ita ce: me wannan katun ɗin ke koya mata?

Ɗauki Cinderella, wanda kamfanin Disney na Amurka ya fitar a 1950. Marainiya tana kuka, sai wata tsohuwa mai sandar tsafi ta bayyana, ta mayar da kabewa keken doki, ta tura ta wurin rawa har tsakar dare. Wa aka nuna yana yaye baƙin ciki a nan? Ko The Little Mermaid na 1989: yarinya ta saɓa wa mahaifinta, ta tafi wurin matsafiya ta jinginar da muryarta don ta bi ɗan sarkin da ba ta ko san halinsa ba, a ƙarshe uban ne ya sauko. Babu zagi a ciki, babu kalmar batsa, shi ya sa iyaye ke sakankancewa. Amma darasin yana shiga: kyan fuska shi ne darajar mace, uba shinge ne, boka yana biyan buƙata. Yarinyar da ta kalli wannan sau 20 kafin ta haddace Fatiha, wa ya riga ka zuwa zuciyarta?

Kuma don Allah, me ya sa tambayar kullum a kan mata take? Ɗanka namiji da ke kallon duka da harbi daga safe zuwa dare, shi ba amana ba ne?

Akwai katun masu koyar da haruffa, da lissafi, da addu'o'i, da ladabi, irin su Omar da Hana na ƙasar Maleshiya, ko da yake akwai waƙe a ciki, sai kowa ya duba abin da ya natsu da shi. Sharaɗin dai kai ka fara kallo, ka zauna tare da ita, ka kuma ƙayyade lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allo, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a yini. Wayar da aka sake wa yarinya a YouTube kuwa, in wannan ya ƙare wani ke biyowa da kansa, ba kai ka zaɓa ba.

Sannan kada ka shigo gida da dare ka fizge waya ka hau uwar da faɗa. Ita ta miƙa wayar ne don ta samu ta sauke tukunya, ga goyo a baya, kai kuwa kana majalisa tun bayan La'asar kana muhawara a kan bidi'a. In ka hana kallo, to wa zai zauna da yarinyar a wannan awar? Sayo mata 'yar tsana. Dawo gida bayan Magariba ka ba ta labarin Annabi Yusufu, ko ka kai ta ɗakin kakarta ta sha tatsuniya, kakar nan da ka yi wa tsawa ranar suna.

Wallahu a'alamu.