Tarihi Uku da Gungun Kakata

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na kuwa ga ya kyautu in shimfiɗa ta a gaban malamaina da 'yan'uwana ɗalibai a wannan mujalla tamu, ko Allah ya sa a sami wanda zai taya ni warware ta. Tambayar ita ce: idan tarihin duniya, da tarihin ƙasa, da tarihin garin mutum suka ba da labarin abu guda, amma bakinsu bai zo ɗaya ba, wanne ne ɗalibi zai riƙa? Kuma wane ne yake bin sa bashi a cikinsu?

Ni dai mutumin ƙasar Yawuri ne, Hausa nake karantawa, amma a shekarata ta biyu na ɗauki kwasa-kwasai uku a sashen tarihi don cike gurbi. Na farko a kan duniya ne, na biyu a kan Nijeriya, na uku kuwa, wanda ya fi su ƙanƙanta, a kan yadda ake binciken tarihin gida. Abin mamaki, a duka ukun sai da aka ratsa ta ƙofar gidanmu, amma sau biyu ban gane gidan ba.

A darasin duniya mun haɗu da Yawuri a matsayin zango. Mungo Park, likitan nan ɗan Sikotlan, ya taso daga Sansandi a ƙarshen 1805 cikin jirgin ruwa yana bin Kogin Kwara don ya ga inda ya faɗa. A farkon 1806 ya iso Yawuri, a nan tafintansa Amadi Fatuma ya rabu da shi, bai kuwa yi nisa ba ya hallaka a duwatsun Busa. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka zo, suka yi makonni a Yawuri suna neman takardun Park, ba su samu ba, suka wuce har suka kai bakin teku a wannan shekarar. Shi ke nan. Na haddace, na rubuta a jarrabawa, na ci maki mai kyau. Sai daga baya na lura cewa a duk labarin nan babu wanda ya tambayi su wa suka tuƙa jiragen, su wa suka san inda dutse yake da inda dorina take kwana. Mutanen da aka ce an gano musu kogi su ne suke nuna wa mai ganowar hanya.

A darasin Nijeriya kuma mun haɗu da gida a matsayin ci gaba. An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka gama a 1968, tana da ƙarfin ba da megawat 760 na lantarki. Ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, tun daga Kainji har gab da Yalwa. Tsohuwar Busa ta nutse, aka gina sabuwa. Mutum fiye da 40,000 aka tasa aka sake musu matsuguni. Wannan jimla ta ƙarshe layi ɗaya ce tak a takardar laccata, tana tsakanin yawan injuna da amfanin kamun kifi. Na ja mata layi a ƙasa domin na zaci za ta fito a jarrabawa. Ba ta fito ba.

To, a kwas na uku aka ce kowa ya je gida hutu ya yi hira da tsoho ɗaya, ya kawo rahoto. Niyyata in nemi wani dattijo na kusa da fada, wanda ya san jerin sarakuna, amma ban same shi ba, kwanaki kuma suna tafiya. Don kada in koma hannu rabbana sai na tafi ƙauyen kakata ta wajen uwa, a bakin tafki. Bagungiya ce, watau daga mutanen nan da Hausawa suke kira Gungawa saboda zamansu a gungu, su kuwa suna kiran kansu Reshe. Na san haka tun ina yaro, amma ban taɓa ɗaukarsa wani abin tambaya ba.

Na ce, "Kaka, tarihi na zo ki ba ni."

Ta yi dariya ta ce, "Kai maigidan nawa, ni ina na ga tarihi? Je ka fada. Ni abin da na gani kawai na sani."

Na ce to ta faɗa mini abin da ta gani. Ta yi shiru kaɗan, sa'an nan ta miƙa hannu ta nuna mini tsakiyar ruwa, inda babu komai sai wani jirgi yana wucewa, ta ce a nan aka yanke mata cibi. Ta ba ni labarin fadamar albasarsu, yadda suke jira ruwa ya janye ya bar musu laka mai taushi, su yi kwami, su riƙa ɗibar ruwa da ƙwarya suna ban ruwa. Ta gaya mini inda rumbunan gero suke, da itacen da ake ɗaure jirage a jikinsa. Tana budurwa aka zo aka ƙirga ɗakuna, aka ce su tashi. An gina musu gidajen siminti a tudu, a jere reras kamar haƙoran mataji, ga zafi da rana, kuma ba a yi su yadda suka saba zama ba. Ƙasar tudun ba ta san albasa ba, su ma ba su san ta ba. Duk wannan ta faɗe shi ba tare da muryarta ta sauya ba. Inda ta tsaya ta goge ido shi ne da ta ce an kwashe tukwane da turame da awaki, amma kabarin uwarta yana can. Lantarkin da aka tashe su dominsa kuwa, da fitilar wayata na rubuta abin da take faɗa a daren nan.

Ina komawa masauki sai na tuna da layin nan da na ja wa layi a ƙasa. Ashe kakata tana cikinsa, ɗaya ce cikin dubu arba'in, ni kuwa na haddace ta ban gane ta ba. Kunyar da na ji a ranar ita ce asalin wannan rubutu.

Da na dawo makaranta na yi wa wani abokina ɗan sashen tarihi wannan bayani, sai ya ce in yi hattara. A ganinsa, tonon tarihin gida shi yake haifar da ƙabilanci: kowa ya fito da tabonsa yana nunawa, har a rasa wanda zai yi maganar ƙasa. Ya ce madatsar nan ta haskaka asibitoci da makarantu da masana'antu, har ta kai wuta Jamhuriyar Nijar, kuma babu ƙasar da ta ginu ba tare da wani ya yi hasara ba. Ban raina maganarsa ba, har yanzu ma ban raina ta ba. Gaskiya ne an amfana. Watakila ni kaina a ƙarƙashin hasken Kainji na koyi karatu. Amma fa akwai bambanci tsakanin a ce wani ya yi hasara don jama'a, da a ce babu wanda ya yi hasara. Na farko bashi ne da ƙasa ta amsa cewa ana bin ta, na biyu kuwa cin bashi ne da musu. Tarihin ƙasa da ya ƙirga injuna takwas ya manta da kaburbura bai yi ƙarya ba, amma ya yi abin da mai awo yake yi idan ya danne mudu da babban yatsa. Kuma ban ga yadda za a ce mutum ya so ƙasar da ba ta yarda ta ji abin da ta karɓa daga hannunsa ba.

Sai dai kada mai karatu ya zaci zan ce tarihin gida shi ne mai tsarki, sauran biyu su ne masu laifi. Da farko haka na ɗauka, har na fara cika baki a ɗakin kwana. Da na shiga ɗakin karatu na zauna, sai jikina ya yi sanyi.

Mu Yawurawa muna jin zafi idan aka lissafa mu cikin Banza Bakwai, muna cewa wa ya ba wani ikon ya kira ƙasar wani banza. Madalla. To mu kuma fa, da muka tashi ba da namu tarihin, da me muke farawa? Da jerin sarakuna, da Birnin Yawuri, da amanar da aka ƙulla da Gwandu a zamanin jihadi, da yadda Sarki Abdullahi Abarshi ya mai da gari Yalwa a 1888. Gungawa da Kambari da Shangawa da Dukawa da Lopawa sai su zo a ƙarshe, in ma sun zo, a matsayin masu biyan haraji. Rikicin sarauta na ƙarni na 19 da hare-haren bayi na Kwantagora, a kan wuyan talakawan ƙauye suka fi sauka, amma sunayen masu hawa doki muka riƙe. Abin da Bature ya yi wa matuƙin jirgi a littafinsa, da abin da Legas ta yi wa kakata a lissafinta, shi muka yi wa maƙwabcinmu a zauren gidanmu. Ga ma wani misali da ya fi ba ni kunya. A 1915 Turawa suka tuɓe Sarkin Busa Kitoro Gani suka sa ƙasarsa ƙarƙashin Yawuri, mutanen Busa suka yi bore a wannan shekarar, har Michael Crowder ya rubuta littafi sukutum a kai a 1973. Idan Bayawure ya ba da labarin, ƙasarsu ce ta faɗaɗa. Idan mutumin Busa ya ba da shi, wulaƙanci ne. Duka biyun tarihin gida ne. Ashe ko a gida akwai babba da ƙarami, akwai wanda ake ji da wanda ake ƙirgawa kawai.

Kuma, abin da ban zata ba, darasin duniyar nan da na fara zargi shi ya buɗe mini ido a kan kakata. Da na koma gare shi da tambaya a hannu, sai na tarar an yi wa mutanen Tonga haka a Kariba, a kan Kogin Zambezi, a ƙarshen shekarun 1950. An yi wa mutum kimanin 80,000 haka a Gana lokacin da aka datse Kogin Bolta a Akosombo. An yi wa Nubiyawa haka a Aswan. Zamani ne da sababbin ƙasashe da masu ba su rance suka yi imani cewa babbar madatsa ita ce ƙofar arziki. Kakata ba ta san da wannan ba. A wurinta wasu mutane ne suka zo da takarda da fenti. Ta san zafin abin, ba ta san daga inda ya taso ba. Littafi ya san daga inda ya taso, bai san zafinsa ba. Ɗalibin da ya zauna a aji ya kuma zauna a tabarmarta, shi kaɗai ne yake riƙe da duka biyun, in ya yarda ya riƙe.

Ba sabon abu nake kira a yi ba. Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, da Yawuri ya fara: kundinsa na digiri na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello, a 1968, a kan mulkin Yawuri ne a ƙarni na 19. Bayan shekara goma ya fitar da littafinsa a kan rawar da Hausawa suka taka a tarihin Afirka ta Yamma, ya bi fatake har Gwanja. Daga bakin gulbinmu ya tashi ya kai can, babu wanda ya ce masa ɗan ƙabilanci. Ku lura kuma da shekarar, 1968: lokacin da yake ɗaure kundinsa a Zariya, ruwa yana hawa gungayen.

Saboda haka amsar da na kai gare ta zuwa yanzu ita ce, ba sai ɗalibi ya zaɓi ɗaya ya yar da biyu ba, amma bashin da ake bin sa ba daidai yake ba. Tarihin Mungo Park yana da masu tsaronsa a Landan da Edinbara, ko na karanta ko ban karanta ba, ba zai ɓata ba. Tarihin madatsa yana cikin fayilolin gwamnati. Wanda yake cikin kan tsofaffin Yawuri da Ngaski da Shanga ba shi da kowa sai mu. Wanda yake da shekara 15 a 1968 ya haura 70 yanzu. Mu 'yan sashen Hausa ma abin ya fi hawa kanmu, domin harshenmu ne yake haɗiye nasu. Uwata tana jin Reshe sama-sama, ni ko gaisuwa ban iya ba, ga shi kuwa ina zaune ina nazarin karin harshen Sakkwato da na Kano. Ba na nadamar zama Bahaushe, a ciki na tashi, da shi nake tunani. Amma ya kamata in san abin da aka ajiye a bakin ruwa kafin a kai ni nan.

Rahoton da na kai ya sami maki matsakaici. Malamin ya rubuta a gefe cewa babu kwanan wata ko ɗaya a bakin mai ba da labarin, kuma ban gwada maganarta da ta wani ba. Ya yi gaskiya, tsohuwa takan manta, takan kuma ƙawata abin da ta rasa. Da hutun ƙarshen shekara na koma da niyyar in gyara, na ce ta haɗa ni da sauran 'yan gungunsu. Ta lissafa mini mutum biyar a yatsunta, sa'an nan ta lanƙwashe biyu ta ce waɗannan sun riga mu gidan gaskiya tun bayan zuwana na farko. Na kunna waya na ce ta faɗa mini sunayen wuraren da suke gungun, ɗaya bayan ɗaya. Ta fara, na ce ta fassara mini da Hausa. Ta dube ni ta ce, "Maigida, waɗannan ba su da Hausa. In kana so, sai ka zauna ka koya."

Kwana tara na yi. Na dawo da sunaye goma sha huɗu a littafina, huɗu daga ciki har yanzu harshena ya ƙi furta su yadda take so.